Shekarar da Tuwo Ya Kashe Mini Tarwaɗa

Kwanakin baya wasu samari biyu suka same ni a ƙofar gida a unguwar Limawa da ke Dutse, suka nuna mini wayarsu, wai sun gama koyon kiwon tarwaɗa a cikinta. Za su sayi tankin roba da abinci na buhu, su zuba 'ya'yan kifi, kafin babbar salla sun yi arziki. Na tambaye su, in suka tashi da safe suka tarar kifi ya tsaya cak a saman ruwa, kai sama wutsiya ƙasa, me za su yi? Ɗayan ya ce yunwa ce, sai a ƙara abinci. Na ce to ka gama kashe shi. Su da ire-irensu nake rubuta wa wannan.

Sunana Garba, mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Buji. Na shigo Dutse ba da daɗewa ba bayan an yi jiha, lokacin da ake ta kwaso ma'aikata daga Kano suna neman ɗakin haya ruwa a jallo. Na kama aiki wurin Malam Ɗanjuma mai yankan gilashin taga. Asalinsa masunci ne daga wajen Haɗejiya, kuma ya taɓa aiki a wani wuri da ake ƙyanƙyasar kifi kafin ya koma gilashi. Ba ya yawan magana. In ka yi kuskure ba zai zage ka ba, sai ya sa ka sake a gabansa har hannunka ya gane.

Akwatin gilashi na ajiye kifin ado na farko da na sa hannu a kai na wani darakta ne a unguwar Takur, wanda ya ga irinsa a falon abokinsa a Kano. Wuƙar gilashi sau ɗaya ake ja, in ka maimaita layi ya tsage ta inda ba ka so. Muka haɗa ɓangarorin da danƙo, muka bar shi a inuwa har tsamin warinsa ya fita, sannan muka ɗora akwatin a kan takardar buhun siminti muka cika shi da ruwa, domin ko ɗigo ɗaya ya fita takarda za ta tona. Ni na ɗebo tsakuwa masu kyau zan shimfiɗa a ƙasa. Malam Ɗanjuma ya watsar da su. Ya ce tarwaɗa a ƙasa take kiwo, da gashin bakinta take lalube, tsakuwa mai kaifi za ta yanke shi, kuma tarwaɗar da ba ta da gashin baki makauniya ce. Yashin rafi mai laushi muka wanke muka zuba. Muka sa fasasshiyar tukunya don ta sami maɓoya, muka yi murfi don tana tsalle. Ruwan famfo kuwa ba ya shiga sai ya kwana a buɗe, maganin da ke cikinsa ya tashi.

Matar daraktan ta leƙa ta ce, "Malam, ba ku da kifin nan mai ja? Wannan ai irin na miya ne."

Malam Ɗanjuma ya ce, "Hajiya, mai ja wutar lantarki yake so dare da rana. Wannan ko an ɗauke wuta wata guda yana nan."

Daga nan aiki ya buɗe. Rabinsa haɗa akwati, rabinsa jinya. A aiko a ce kifi ya yi fararen ƙuraje, ko cikinsa ya kumbura, ko gashin bakinsa ya fara ruɓewa. In muka shiga falo, Malam Ɗanjuma ba ya fara kallon kifin. Hannu yake tsomawa a ruwan ya shinshina. Kusan kullum maganar ɗaya ce, an cika abinci. Maigida ya ba shi, uwargida ta ba shi, baƙo ma in ya zo sai ya jefa masa biskit. Abin da bai ci ba ya kwanta a ƙasa ya ruɓe, a daidai inda shi kuma yake kwana. Magani shi ne a zuƙe ƙazantar da tiyo, a rage ruwan a ƙara sabo, a jefa gishiri kaɗan da ruwan shuwaka, sannan a hana shi abinci. Tiyon da baki ake fara ja. Ruwan kashin kifin da na haɗiye a falukan Takur, ban san iyakarsa ba.

Abin da ba ma faɗa wa masu saye shi ne tarwaɗa ba ta tsayawa ƙarama. Bayan 'yan watanni ta fi ƙarfin akwati, sai a dawo mana da ita a bokiti. Waɗannan da ake dawowa da su ne jarina. Na kama haya a Limawa, ɓangare ɗaya na gidan Alhaji Sule, katanga ce kawai tsakaninmu kuma rijiya ɗaya muke sha. Da izininsa na gina tankin siminti a tsakar gida na riƙa zuba su. A cikinsu har da ta gidan daraktan nan, wadda ta zama ƙatuwar mace mai faɗin kai. Maiɗakina Rabi ta sa mata suna Gwaggo, don ba ta motsawa sai ta ga dama. Da Gwaggo Malam Ɗanjuma ya koya mini ƙyanƙyasa kafin tsufa ya mai da shi garinsu, kuma duk kifin da na sayar a shekarun nan daga cikinta ya fito.

Masu sayen manya kuwa mata ne masu farfesu a bayan tasha, kuma kowa ya san abin da ake sha a rumfunan da ke kusa da su. Ni kifi na sayar, ban taɓa tambayar da me aka kora shi ba. Abincin da nake ba su hanjin kaji ne, da jinin mayanka da nake dafawa da dusa, wani lokaci har kajin da suka mutu a gidan gona. Kifi yana girma da wannan kamar ana hura shi. Wari kuma akwai shi, ƙuda ma haka, ba zan ce babu ba.

Da aka ƙaddamar da shari'a ni ma da ni aka yi kabbara. Rumfunan bayan tasha suka rufe, masu farfesu suka watse, na tashi da tanki cike da kifi ba mai saye. Wannan bai isa ba, sai magana ta fara yawo a unguwa cewa kifin Garba kifin mashaya ne, mushe da jini yake ci, haramun ne. Wadda ta fi kowa ɗaga murya ita ce Iya Delu, mahaifiyar Alhaji Sule, wadda ɗakinta ke jingine da katangar da warin ke haurawa. Da bazara ta kama, Alhaji ya kai ni gaban Liman.

A zauren Liman Alhaji ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ba na son a riƙa nuna gidana da baki. Ya fasa tankin nan, ko ya nemi wani gida."

Liman ya tambaye ni abin da nake ba su, na faɗa masa duka, har kajin. Sai ya ce a littafi akwai abin da ake kira jallala, wato dabbar da ke rayuwa a kan ƙazanta. Malamai sun yi saɓani a kanta, amma ko waɗanda suka tsananta sun ce in aka tsare ta aka ciyar da ita abu mai tsarki, ta tsarkaka. Ya ƙara da cewa kajin unguwa ma da ke wuni a kwata ba wanda ya taɓa kawo ƙararsu. Hukuncinsa shi ne daga ranar ba jini, ba mushe, ba hanji, har damina ta faɗi. In kifi ya rayu kuma wari ya tafi, tanki ya tsaya. In ba haka ba, a kawo guduma.

Na ce, "Na yarda, Allah gafarta Malam. Amma in damina ta same su da rai, wanda ya kira su kifin mashaya sai ya ci."

Alhaji ya ce, "Ka dai fara raya su tukuna."

Washegari da hantsi sai ga Iya Delu da kanta, da sandarta, da wani jan kwano rufe da faifai. Ta ce, "Ɗan nan, na ji ka tuba. Ga sauran tuwon jiya, ka ba 'ya'yan naka. Mu ba ma zubar da abinci a gidanmu."

Ku da kuka tashi a birni ba lallai ku gane nauyin wannan ba. A wurinmu tuwo ba ya zuwa juji. In ya kwana a ɗumama, in ya wuce ɗumame a shanya, in ya wuce nan a ba dabba. Kuma tsohuwa ba ta kawo maka kwano da hannunta ka ce ba ka so, balle tsohuwar da jiya take neman a kore ka, yau ta zo da sulhu. Na san abin da tuwo da miyar kuka ke yi wa ruwa, na sha warinsa a Takur. Amma ta tsaya a bakin tanki tana jira, sai na gutsuttsura na zuba. Kifin da tun jiya bai ga hanji ba ya taso yana dambe a kai.

Iya ta yi dariya ta ce, "Ka gani? Ashe yunwar halal suke ji."

Ta je ta ba da labari. Kafin mako ya zagayo, gidajen layinmu kowa yana aiko da nasa, tuwon dawa, na masara, ƙanzo, har shinkafa da mai. Mutanen da suka daina amsa sallamata suka dawo suna tambayar lafiyar kifi. Iya kuma ta mai da abin wurin hirarta, kullum tana zaune a kan turmi sai ta ga an zuba. Na ce a raina zan riƙa sauya ruwa da yawa in rufe ɓarnar. Sai dai bazara ce, rijiya ta ja baya, guga sai ya daɗe a ƙasa kafin ya kawo rabi, kuma gida biyu ke sha. Ruwan tanki ya yi kauri, ya fara kumfa, ya koma yana tsami kamar kullun koko.

Ranar da abin ya fashe, na fito bayan sallar asuba na tarar da su a tsaye a saman ruwa, kai sama wutsiya ƙasa, baki yana buɗewa yana rufewa. Wasu cikinsu ya kumbura, wasu fatarsu ta saɓule ta yi jan gyambo. Na zuƙe ruwan, na sayo na 'yan garuwa, na zuba gishiri. Aikin gama ya gama. Kwana biyu ina kwasar gawa da kwando ina binnewa a gindin dabinon bayan gida. Wani ya ce in ƙyafe su in kai kasuwar ƙauye, ba mai ganewa. Na ce ba da ni ba. Tuwon nan ba wanda ya zuba shi sai ni, kuma na san abin da zai yi tun kafin in zuba.

Yayana Audu ya ji labari ya zo daga gida. Ya leƙa tanki ya toshe hanci ya ce, "Garba, tattara iyalinka mu tafi. Gonar Baba tana nan, ga shuka ta matso. Mu manoma ne, wa ya taɓa kiwon kifi a kan dutse?"

Na ce, "Yaya, ka gai da mutan gida. Liman damina ya ce, kuma ba ta faɗi ba."

Abin da ya rage mini namiji ɗaya ne da Gwaggo. Ita ma tana kwance a gefe guda, gashin bakinta ya cinye saura guntaye, ga gyambo a bayanta. Akwai wani babban akwatin gilashi da na haɗa wa wani ma'aikaci aka yi masa canjin wurin aiki bai karɓa ba. Na wanke shi, na sa a inuwar rumfa, na shimfiɗa yashi, na sa ta ciki ita kaɗai, namijin kuma a rabin ganga. Safe da yamma ina tsoma ta a ruwan gishiri in mayar, ina rage ruwan akwatin in ƙara wanda ya kwana, ina matsa shuwaka. Abinci ko ƙwaya ban ba ta ba.

Ana cikin haka sai ga jan kwano an miƙo wa Rabi ta kan katanga, wai a ba marar lafiya ta samu ƙarfi. Na karɓa, ban buɗe faifan ba, na zagaya na yi sallama a ƙofar ɗakin Iya, na durƙusa na ajiye shi a gabanta.

Ta ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "Tuwonki ne, Iya. Shi ya kashe su. Ba laifinki ba ne, amma ba zan ƙara karɓa ba, daga gidan nan ko daga wani gida."

Ta dube ni ta ce, "Tuwon da ya raini Alhaji shi ne guba? Jini da mushe ba su kashe su ba sai abincina? Ɗauke kwanon nan daga gabana. Kwanon da aka dawo mini da shi a cike ba ya ƙara shiga ɗakina."

Na ɗauko shi, na ba awakin maƙwabta tuwon, Rabi ta wanke ta kife shi a kan rumfa. Da yamma Alhaji ya tare ni a ƙofar masallaci, ransa a ɓace. Ya ce, "Uwata ka mayar wa kwano? To ka ji, ruwan farko na sauka zan zo da magini." Layinmu kuma aka koma ba a amsa sallamata. Ban bi kowa ba da haƙuri.

Aikin da ya fi ba ni wuya a duk sana'ar nan shi ne haɗa abincin da zai maye gurbin jini. Tarwaɗa ba akuya ba ce, dusa kaɗai ba ta riƙe ta, tana son abu mai rai a cikin abincinta. Na bi masu busasshen kifi a kasuwa ina sayen garin da ke taruwa a gindin kwando. Na samo busasshiyar fara, na daka da ƙuli-ƙuli, na kwaɓa da ɗan alabo da ruwan zafi don ya kama jikinsa. Na fara mulmulawa da hannu, yana shiga ruwa yana narkewa. Sai idona ya faɗa kan injin taliyar Rabi, wanda take murza taliyar sayarwa da shi. Na zuba kwaɓin na murza, ya fito zare-zare, na shanya a tabarma na kakkarya.

Rabi ta ce, "Malam, in masu taliya suka zo sai in ce musu Gwaggo ta riga su?"

Na ce, "Ki ce musu babbar baƙuwa gare mu."

Ranar da Gwaggo ta miƙe daga kwanciyar gefe, na jefa mata guntu ɗaya. Ya nutse ya kwanta a kan yashi bai narke ba. Ta daɗe kafin ta matso, ta lalube shi da guntayen gashin bakinta, ta haɗiye. Daga nan kullum abin da za ta cinye nan take nake ba ta, in ya rage in zuƙe shi da tiyo. Gyambon ya rufe, gashin baki ya fara tofowa. Da hadari ya fara haɗuwa aka yi yayyafi, shinge ya fito, garar nan mai fiffike, muka tara shi a kwano da ruwa a gindin fitila bayan magariba. Ba abin da ke cika cikin macen tarwaɗa da ƙwai kamarsa. Bayan 'yan kwanaki na juya Gwaggo na danna cikinta a hankali, ya yi laushi, 'yan ƙwayaye masu ruwan ƙasa-ƙasa suka fito.

Ƙyanƙyasa ba a yin ta sau biyu da namiji ɗaya, domin sai an yanka shi ake samun abin da ake nema a cikinsa. Ni kuma ɗaya gare ni. In ƙwan bai kama ba, ba ni da wani, kuma ba ni da abin da zan nuna wa Liman sai kifi ɗaya a akwati. Aka yi ruwan farko mai ƙarfi, na san Alhaji yana tafe. Na sayo ɗanyen kifin kogi a kasuwa, na fasa kansa na ciro wani ɗan abu kamar ƙwayar gero da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, na murje shi a ruwan gishiri, na yi wa Gwaggo allura da shi da yamma don ta saki ƙwai. Da safe na yi bisimilla na yanka namijin, na ciro farin abin nan guda biyu da maniyyinsa ke ciki. Rabi ta riƙe kan Gwaggo da jiƙaƙƙen tsumma, na tatse ƙwan a busasshiyar roba, na matse na namijin a kai, na gauraya da gashin kaza, na ƙara ruwa. Sannan na shimfiɗa yankin gidan sauro a cikin baho, na baza ƙwan a kai ba tare da wani ya hau wani ba, na rataye bokiti mai ƙaramin huji yana ɗiga a hankali. Wanda ya yi fari ya mutu, sai a tsince shi kafin ya ruɓar da na kusa da shi. Da yawa sun yi fari.

Washegari da hantsi Alhaji ya yi sallama, da magini da guduma, Liman yana biye da su don shi ya yanke maganar. Alhaji ya leƙa tanki ya ga ba komai sai busasshen siminti. Ya ce, "To, Allah gafarta Malam, ka gani da idonka. Ina kifin?"

Na ɗage gidan sauron na ce su duba ƙasan baho. Can a gindi wasu abubuwa kamar ƙaiƙayi suna ta karkaɗa wutsiya, sun taru a kusurwa mai duhu.

Alhaji ya ce, "Wannan ai tsutsar sauro ce."

Liman ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Ya shinshina ruwan, ya ce ba wari. Ya tambaye ni, "Waɗannan me suka ci?"

Na ce, "Ba su ci komai ba tukuna. Ko baki ba su buɗe ba. Uwarsu ga ta can, tun ranar da muka bar zaurenka ba ta ga jini ba."

Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa ya ce wa magini ya tafi da gudumarsa. In sun yi fiffike sun tashi, Alhaji ya yi gaskiya, a dawo a fasa. In sun fito da gashin baki, tanki ya tsaya.

Sun fito da gashin baki. Na raine su da gwaiduwar dafaffen ƙwai, sannan garin taliyar nan, ina tsame waɗanda suka fi girma don tarwaɗa tana cin ƙanenta. Masu farfesun bayan tasha ba su dawo ba, amma matan ma'aikata suka fara aiko a saya musu na miya, tunda an ji Liman ya leƙa bahon da kansa.

Bayan kaka na kama na farko da ya isa ci. Rabi ta yi farfesu, na ce ta sauko da jan kwanon nan daga kan rumfa. Na kai shi da kaina, na durƙusa a ƙofar ɗakin Iya na ce, "Iya, ga kwanonki. Ba da tuwonki na dawo ba."

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ajiye nan."

Washegari aka miƙo kwanon ta kan katanga, an wanke shi tas, an cika shi da busasshiyar fara. Na ji muryarta daga can tana ce wa Rabi, "Ki gaya wa mai taurin kan nan yaji ya yi kaɗan. Farar kuma ba tasa ba ce, ta Gwaggo ce."

Saboda haka ku masu tankin roba, in kun ga kifi ya tsaya a tsaye, ku janye hannunku daga buhun abinci ku tsoma shi a ruwa ku shinshina. In kuma wata tsohuwa ta kawo muku tuwo don kifinku, ku durƙusa ku gode mata, ku mayar mata da shi tun ranar farko.